Ƙafar Da Ke Cikin Takalmin Sarjan

Zuwa ga Shugaban komisiyon likitocin da ke duba raunukan tsofaffin sojoji, Damagaram.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida sauran likitocin da kuke zama tare, da fatan iyali suna lafiya kuma zafin bana ya zo muku da sauƙi.

Ni matar wani tsohon sarjan ce. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ko a tsakar gida ban taɓa kama sunansa ba, balle a takardar da duniya za ta karanta. Sarjan nake ce masa, haka ma unguwa ke ce masa. Dosiyensa, wato takardun rauninsa, yana hannunku, kuma kafin ka kai ƙarshen wasiƙar nan za ka gane shi, ko ka gane goma irinsa. Bai san na rubuta ba. Da ya sani da ya hana, don a wurinsa mace ta yi wa kolonel irinka magana a bainar jama'a ya fi ciwon ƙafar zafi. Na rubuta da Hausa ba don ban je lakwal na yi boko ba, sai don ina so a karanta wa matan da muka zauna tare a ƙofar buronku, wato ofishinku, su ji ko na ƙara gishiri.

Ga maganar a taƙaice. Bara kun duba maigidana a kan raunin idon sawunsa na dama, kuka yanke cewa raunin ƙarami ne, bai kai matsayin da gwamnati za ta ɗauki nauyin yi masa aiki ba. Ya ɗaukaka ƙara, kun kira shi ya sake zuwa gabanku a watan gobe, kuma an gaya mana daga wannan babu wani zama. Likitan ƙashi da ke ganinsa ya ce gaɓar tana cin kanta, in ba a yi aikin nan kusa ba zai kai ga ba ya iya taka ƙafar ko da sanda. Mu ba mu da halin biyan aikin. Saboda haka ƙafar mutum ce ke kan teburinku, ba takarda ba.

Na farko, yadda raunin ya samu.

A bakin aiki ne. An tura su aikin misiyo arewa, ya diro daga bayan kamiyo, babbar motar soja, da akwatin harsashi a kafaɗa, ƙafarsa ta sauka a kan dutsen da rairayi ya rufe. Mai ba su magani ya duba ya ce targaɗe ne, ya shafa masa man zafi, ya naɗe da bandi, ya ce ya matse igiyar takalminsa ya ci gaba da tafiya. Ya matse ya ci gaba. Da ya zo hutun farmisiyo na ga yana kwana da ƙafar a kan matashi, na tambaye shi, ya ce gajiya ce. Shekara da shekaru amsar ke nan, gajiya ce. Sai bayan ya ajiye kaki aka ɗauki hoton ƙashin, aka ga ashe karaya ce ta haɗe a karkace, kuma duk tsawon shekarun nan ƙashi yana gogar ƙashi. Hoton yana cikin dosiyen, tare da shaidar shugabansa na lokacin cewa a bakin aiki abin ya faru. Wannan ba ku musa ba, don haka ba zan daɗe a kansa ba.

Na biyu, yadda yake a gida, inda ba ku gani.

In ka shigo gidanmu ka dubi bango, daga ƙofar ɗaki har zaure za ka ga wani layi baƙi-baƙi a kan farar ƙasa, daidai tsayin kafaɗa. Sawun tafin hannunsa ne. Duk sallah nakan sa a shafe, kafin wata ya zagayo layin ya dawo. Masallacin unguwa yana ƙofar gidanmu, amma a kan kujera yake salla, domin ƙafar ba ta lanƙwasuwa ya zauna tahiya, kuma ya zaɓi can ƙarshen sahu na baya don kada yara su gan shi. Tsugunno ya gagare shi, sai da muka sa magini ya ɗaga masa wurin zama a bayan gida. Ka gafarce ni da kawo wannan, amma kai likita ne. Gonar gadonsu tana Durum. Mutumin da yake dawowa daga bariki ya kama hauya kafin ya sha ruwa, yanzu da damina tabarma ake shimfiɗa masa a gindin gawo yana kallon 'ya'yan ƙanensa suna noma, yana gyara musu kunya da baki.

Duk da haka in maƙwabci ya tambaye shi ƙafa, sai ya ce da sauƙi. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ma da sauƙi yake ce mini. A haƙoransa nake gane ranar da ciwon ya tashi, don nakan ji yana cizon su.

Na uku, ranar da ya zo gabanku.

Da asuba ya sa na kawo masa ruwan randa a kwano, ya tsoma ƙafar don kumburin ya ɗan sauka. Na zaci hikima ce ta samun sauƙin tafiya. Sai na ga ya jawo akwatinsa ya fito da takalmansa na soja, ranjas ɗin nan masu dogon wuya da bai sa ba tun da ya bar aiki, ashe ya goge su tun jiya har suna ɗaukar ido. Na ce masa: «Sarjan, wajen likita za ka je fa. Sa silifa su ga abin da idonsu.» Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce: «Ni in shiga gaban ofisiye da silifa? Ke dai ba ki san aiki ba.» Ya naɗe ƙafar, ya tura ta cikin takalmin yana zufa, ya ja igiya har wuyan takalmin ya kama idon sawun kamar an yi ɗori. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da takalmin nan ke yi. In an matse shi, yana riƙe gurguwar ƙafa ta miƙe na ɗan lokaci. Da shi ya yi muku aiki shekaru a kan karaya.

Muka hau adaidaita muka iso. A gindin dogon yaron da ke ƙofarku muka tarar da tsofaffin sojoji a kan benci, kusan kowa da sandarsa, mu mata muna gefe a kan tabarma. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Duk wanda aka kira sunansa sai ya dogara sanda ya tashi da ƙyar, ya ja jiki zuwa bakin ƙofa, ya jingine sandar a bango, ya gyara hula, ya miƙe ƙyam, sannan ya shiga. Kafin hantsi bangon ya cika da sanduna kamar takalma a ƙofar masallacin Juma'a. Wata tsohuwa daga Gafati da ke kusa da ni ta ce nata mijin ma haka ya yi wancan karo, kuma da harsashi a ƙugunsa.

Aka kira Sarjan. Ya jingine tasa. Ba kuran a ranar, an ɗauke wutar lantarki, kun bar ƙofa a buɗe don iska, shi ya sa na ga komai daga inda nake zaune. Ya shiga da tafiyar soja, ya tsaya gaban teburinku, ya buga ƙafa a ƙasa, ita dai wannan ƙafar, ya ƙame ya sara maka. Ni na ji bugun nan a cikina. Ka tambaye shi da Faransanci ko lafiya, ya ce lafiya lau, mon kolonel. Ka ce ya taka zuwa taga ya dawo. Ya taka ya dawo, kai a miƙe. Likitan da ke hagunka ya ɗaga hoton ƙashin ya duba a hasken taga, ya ajiye. Na damanka ya yi rubutu. Shi ke nan aka sallame shi, ya sake sara muku ya juya. Ku uku ne a teburin, duka likitoci, babu wanda ya ce masa ya cire takalmi. Babu wanda ya tashi daga kujerarsa. Kun duba idon sawu ba ku ga idon sawu ba.

Da ya fito bai ɗauki sandar ba, bai dube ni ba. Ya wuce ta gaban sojan da ke gadin ƙofa da wannan tafiyar, don kada yaron ya ga sarjan yana ɗingishi. Na bi shi da sauri. Sai da ya sha kwana, ya tabbata ginin ya ɓace masa, sannan ya zube a gaban teburin wani mai shayi. Takalmin ya ƙi fita. Ƙafar ta kumbura ta cika shi kamar ƙullun da ya tashi a kwano. Da wuƙar yankan burodi mai shayin ya tsinke igiyar, muka taru muka ja. Abin da ya fito daga takalmin nan shi ne abin da ya kamata ku gani, sai ga shi mai shayi da masu cin burodi ne suka gani. Shi kuwa Sarjan, yana kwance a ƙasa haƙora a cije, abin da ya dame shi igiyar da aka yanke.

Na huɗu, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da ya ɗan dawo hayyacinsa na koma in ɗauko sandar. Ban same ta a bango ba. Sanda ce da ba ta ɓacewa: ta aduwa ce, wansa ya saro masa a Durum, kuma ni na kai wa baduku ya buga mata guntun taya a gindi don kada ta zame a siminti. Ina tsaye ina dube-dube sai na ga ta fito daga ɗakinku a hannun wani mutum. Na san shi. Mai tsaron magaza ne, wato ɗakin ajiyar kaya, a barikin da muka zauna, ni da matarsa famfo ɗaya muke ɗibar ruwa, kuma iyakar sanina bai taɓa kwana a daji ba. Ga shi da silifa, ƙafa a naɗe da farin bandi har ƙauri, yana ɗingishi yana nishi, har wani daga cikinku ya rako shi bakin ƙofa. Ya jingine sandar inda ya ɗauke ta. Da ya ga na miƙa hannu sai ya yi murmushi ya ce: «Madam, ashe taku ce? Aro na yi, a yi haƙuri.» Ya zagaya bayan gini, ina kallonsa, ya buga kik ɗin babur ɗinsa da ƙafar mai bandi, ya tafi.

Bayan 'yan watanni na haɗu da matarsa a gidan suna, tana ba mata labari da bakinta cewa komisiyo ya amince da raunin maigidanta. Ban zo in kai ƙararsa ba, kuma ba zan faɗi sunansa ba ko an tambaye ni. Tsakaninsa da Allah. Abin da nake so ka sani shi ne, a rana ɗaya, a ɗaki ɗaya, kun amince da sandar mijina kun ƙi mijina. Tun ranar in na ga sandar a jingine a zaure sai in kau da kai. Na wanke ta da sabulu da toka, har yau ƙyanƙyamin bai bar ni ba.

Na biyar, takardar hukuncinku.

Ta ce ya shigo da ƙafarsa, yana tafiya daidai, ba ya amfani da sanda, kuma da bakinsa ya ce lafiya. Na karanta ta na sake karantawa ina neman ƙarya in kama, ban samu ba. Wannan shi ne abin takaicin, babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Abin da kuka gani kuka rubuta. Amma wa ya koya masa wannan tafiyar? Ba a gidan ubansa ya koyo ta ba. Ya shiga soja yana saurayi, kuka koya masa cewa mai ɗingishi rago ne, mai cewa wayyo mace ce, wanda ya tsaya gaban babba a karkace ya ci horo. Ya ɗauki karatun ya riƙe da gaske, ya fi malamansa riƙewa. Yau kun juyo kun kama shi da laifin iya karatun.

Da farar hula ne ku da na yi muku uzuri. Amma ku ma kaki ne a jikinku. Kun san abin da tsohon soja ke yi in ya ga galo, alamar muƙami, a kafaɗa. Don haka ɗayan biyu ne: ko dai tun da kuke zaman nan ba wanda ya taɓa leƙowa ya ga bangon ƙofarku, ko kuwa kun sani sarai, kuma abin ya yi muku daidai, tunda duk wanda ya ƙame ya rage muku aiki ya rage wa baitulmali nauyi. Ina so in yarda da na farkon. Zuciyata ta ƙi. Cin amanar mutum ta hanyar ladabinsa, ban san abin da ya fi shi ƙazanta ba. Tir da irin wannan duba.

Ka san abin da Sarjan ya ce da aka karanta masa takardar? Ya gyaɗa kai ya ce: «To, ai kolonel ya ga na yi tafiya.» Wallahi har da ɗan alfahari a muryarsa. Na shiga madafa na yi kukana. Ɗaukaka ƙarar ma ba ra'ayinsa ba ce, a ganinsa jayayya da hukuncin babba rashin ɗa'a ne. Ni na tsaya masa a wuya, safe da yamma, har ya gaji da bakina ya sa hannu don a zauna lafiya.

Na shida, halin da ake ciki yanzu.

Takardar kiranku ta iso. Washegari Sarjan ya sa aka kai shi Kasuwar Dole, ya sayo sabuwar igiyar takalmi da gwangwanin siraj na goge takalmi. Ga shi can a zaure kullum da yamma yana goge ranjas. Na yi masa magana da laushi, na yi da faɗa. Na ɗauke takalman na kai gidan maƙwabciya na ɓoye a buhun gero. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ture tuwonsa ya ce: «In babu takalmi ba ni zuwa.» Na san halinsa, in ya faɗa ya gama, dole na je na ɗauko na kakkaɓe. Na kai ƙararsa wurin wansa, ya zo takanas daga Durum ya yi masa nasiha. Na roƙi limamin unguwa ya gaya masa cewa nuna ciwo ga likita ba rashin tawakkali ba ne. Ya saurare su duka da ladabi, ya yi godiya, ya koma ya ci gaba da goge takalminsa.

A nan na gane cewa ni ba zan iya ba, wansa ba zai iya ba, liman ma ba zai iya ba. Mutumin nan magana ɗaya ce ke shiga kunnensa, ita ce umarnin wanda ya fi shi galo. Zai sake zuwa gabanku a miƙe, zai sake buga ƙafar, zai sake cewa lafiya lau, kuma in kun sake rubuta abin da kuka gani, ƙafar ta tafi ke nan. Shi ya sa na tsallake shi na zo gare ka.

Ga roƙona.

Ina roƙo, kafin ku fara zama, wani daga cikinku ya fito ya tsaya a gindin dogon yaron nan ya ga yadda mutanen ke saukowa daga adaidaita. A ce kowa ya shiga da sandarsa, kuma a faɗa da murya irin ta bariki, don in an ce wanda yake so, babu mai shiga da ita sai masu aro.

Ina roƙo ku daina tambayar tsohon soja ko lafiya. Amsa ɗaya gare shi. Ku tambayi matarsa, ga mu nan a waje a kan tabarma, ba mu da galon da za mu ji wa kunya.

Ina roƙo likita ya tashi daga kujera ya taɓa wurin ciwo da hannunsa, a kan mai ranjas da mai farin bandi duka. Ban nemi a yi wa mijina alfarma ba, kuma ban nemi a ƙara masa abin da bai cancanta ba. A duba kawai.

Babban roƙona kuwa shi ne wannan. In Sarjan ya shigo ya ƙame a gabanka, kada ka ce ya taka zuwa taga, zai taka ko da zai mutu a hanya. Ka dube shi ka ce: Sarjan, zauna, cire takalmi. Ka faɗa a matsayin umarni, ba shawara ba. Na rantse zai cire, domin bai taɓa saɓa umarni ba. Sai dai ku yi haƙuri da shi, abin zai ɗauki lokaci, kuma ku tanadi almakashi, don mai shayi ba zai shigo muku da wuƙarsa ba. In takalmin ya fita, kada ku kau da kai. Ku ne kuka ba shi umarnin ya matse igiyar nan tun yana da ƙuruciya, har yau ba wanda ya ce masa ya kwance.

Allah Ya ƙara maka lafiya da girma, Ya ba ka ikon yin adalci a kan waɗanda ba su iya roƙo ba. Allah Ya raba ka da ciwon da za ka ɓoye wa iyalinka, Ya bar maka ƙafafunka su kai ka masallaci har tsufa, ka yi sujada ba a kan kujera ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kare yaran da ke daji yanzu suna matse igiyar takalmansu.

Ranar zaman za ka same ni a waje. Sandar tana hannuna, ba zan jingine ta a bango ba.

Wassalam.

Matar wani tsohon sarjan,
Garin Malam, Damagaram.